Albasar da Ba Ta Zaman Rudu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina dillancin albasa tsakanin Wurno da Achida kafin in yi tunanin ajiye ko buhu ɗaya. Ban gaji sana'ar ba, mahaifina masaƙi ne. Aikina in haɗa manomi da mai mota, a loda, a nufi Kudu. Na san kasuwa, na san mai ƙarya tun daga yadda yake gaisuwa. Amma kowace damina ina ganin masu rudu, wato rumbun kara da ake ɗagawa bisa itace don iska ta riƙa ratsa albasa, suna buɗe nasu lokacin da albasa ta yi wuya, mu kuwa muna zaune a inuwa ba abin dillanci.

Shekarar da na yi rudu a bayan gidana, duk abin da na tara a dillanci shi zan zuba ciki. In albasar ta kai damina, na zama mai kaya. In ta ruɓe, na koma inda na fara, da iyali a wuyana.

Mutum biyu nake da su a lokacin. Na farko mai horar da 'yan kasuwa ne a Sakkwato, wanda ake biya ya zauna da kai sau biyu a mako har wata uku. Ba zan rage masa komai ba, ya iya aikinsa. Ba ya ba ka amsa, tambaya yake yi har ka gaji ka faɗi gaskiya. Shi ya zaƙulo daga bakina cewa rudu nake so, bayan na daɗe ina ɓoye wa kaina. Ya koya mini tsara yini, da yadda zan ce wa mutum a'a ba tare da mun ɓata ba.

Na biyu wani dattijo ne a Taloka, abokin kawuna, wanda yake ajiyar albasa tun ba a gina dam na Goronyo ba. Shi ba ya koyarwa. In kana so, ka zo da babur bayan asuba ka ɗauke shi, ku bi gonaki har la'asar, kullum, har a gama cirar albasa. Ranar da ka fasa, zai hau kabu-kabu ya tafi abinsa, kuma ba zai sake hawa bayanka ba. Ba fushi ba ne, haka yake.

Makonnin cira kuwa su ne tsakiyar zamana da mai horaswa. Sai na yi dabarar dillalai, na roƙi hutun mako guda a Sakkwato, da niyyar in kwashi abin da zan kwasa wurin tsoho in dawo.

Kwana huɗu ban ga abin mamaki ba. Yana sayen albasa tun tana gona, da sharaɗin a yanke mata ruwa mako biyu kafin a cire, domin wadda ta sha ruwa a ƙarshe takan yi girma da sheƙi amma ba ta zama. Yana matsa wuyanta ya ji ko ya bushe. Duk wannan na sani. Mun je har Rabah mun dawo ina ce wa kaina ashe iyakar ilimin ke nan.

Rana ta biyar muka shiga wata gona a fadama, ƙasa da Goronyo. Ban taɓa ganin albasa irin ta ba. Ganye ya kwanta, ƙasa ta tsattsage, kawuna jajaye sun turo waje. Mai gonar mutumin kirki ne, ya rantse ya fi mako biyu bai ba ta ruwa ba, injin ban ruwan ma ya mayar da shi gida. Na yarda da shi, har yau ma na yarda. A zuciyata na riga na cika rabin ruduna da ita.

Tsohon bai dubi albasar ba. Ya tsaya yana kallon nesa, gabas da yamma, kamar mai neman gidan da aka rushe. Can ya tambayi manomin yaushe aka sako ruwa daga dam. Ya ce kwana huɗu ke nan. Sai ya zare busasshen karan dawa daga shinge, ya cusa cikin tsagar ƙasa, ya danna a hankali, ya jira. Da ya zaro, bai kai kamu ɗaya ba karan ya yi baƙi da laka, har yana ɗiga.

"Mi kag gani?" ya tambaye ni.

Na ce ruwa, Baba. Manomin ya fara wata rantsuwar, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Ba kai ka ba ta ba. Gulbi na. Nan ga inda kake tsaye munka yi iyo muna yara."

Ya ce a da ta nan gulbi yake bi, har da mashigin jirgi. Daga baya ya sauya hanya, laka ta rufe rairayin tsohuwar hanyar, aka yi dam, aka zo aka yanka gonaki a kai. Amma rairayin yana nan a ƙasa, kuma duk ranar da aka sako ruwa sai wani ruwan ya ɓalle ya bi tsohuwar hanyarsa, ya shayar da saiwa daga ƙasa ba da sanin kowa ba.

Daga nan ya ɗebi kara ya kama tafiya. Yana 'yan taku, ya cusa, ya zaro, ya duba, ya kafa. Bai yi ta gwaji barkatai ba, kai tsaye yake zuwa wurin, karan shaida ce kawai saboda mu. Ya ratsa gona uku a lanƙwashe, ya dawo ta ɗaya gefen, rana tana dukan mu, manoma suka bar aiki suka biyo shi shiru. Da ya tsaya na waiga, sai ga layi biyu na kara sun yi gwiwa sun miƙe yamma, gulbi sosai da faɗinsa da gaɓarsa, a kan busasshiyar ƙasa. Shekara nawa ina taka wurin nan ina ciniki, ban san a kan me nake tsaye ba.

Ya ce albasar da ke wajen kara ta rudu ce. Wadda ke ciki ta tukunya ce, a loda ta cikin makon nan, mai ci zai gode.

Da yamma na kira mai horaswa na gaya masa ba zan dawo ba bana. Bai yi gardama ba, sai ya yi abin da ya saba, ya tambaye ni me zan rasa in na bar nan, me kuma zan rasa in na bar can. Na ce shi yana nan baɗi in Allah ya kai mu, abin da ke kansa kuma akwai wasu da suka karanta shi. Taswirar da ke kan tsohon nan kuwa ban san wani mai ita ba, ga shi ya haura saba'in. Mai horaswa ya yi dariya ya ce to ai ni da kaina na gama aikin yau. Na yi asarar abin da ya rage na horon, kuma ina jin rashinsa har yanzu duk lokacin da aiki ya cakuɗe mini.

Mako biyar na ƙara ina ɗaukar tsohon. Na cika rudu da abin da ya nuna. Sai dai zan faɗi gaskiya: albasar nan ta cikin kara ta tsaya mini a rai. Na ɓoye buhu biyu, na zuba a kusurwar arewa, don in gani da idona.

Da damina ta yi tsaka na je na ɗauko shi ya ga buɗewa. Tun daga ƙofar gida ya ja ya tsaya, ya ɗaga hanci.

"Ɗana, ka saka ta gulbi."

Na sunkuyar da kai. Muka buɗe. Kusurwar arewa ta zama baƙin ruwa, ta kuma ja na kusa da ita. Sauran duka lafiya lau, jajaye, ɓawo yana ƙara a hannu kamar ranar da aka zuba. Na tsira da jarina har da ƙari.

Bai yi mini faɗa ba. Ya sa aka kawo masa tabarma, ya zauna yana tsince ruɓaɓɓun da hannunsa yana jefawa a kwando. Can ya ce shi ma lokacin da yake koyo, buhu huɗu na ta gulbi ya ɓoye wa nasa maigidan. Sannan ya ce in zo da wuri ranar Asabar, akwai wata tsohuwar hanyar ruwa bayan Wurno da bai nuna mini ba.