Ranar da Kawu Ya Wasa Wuƙa Domina

Har yau in na ji ana wasa wuƙa a kan dutse sai in tura hannuna na hagu cikin hijabi. Inna tana yi mini dariya. Ba a gabanta aka yi ba.

Shekarar da na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako, Yayana ya buɗe shagon gem, wasan nan da ake dannawa a talabijin, a kusa da tashar Birnin Kudu. Da hantsi babu kowa, samari suna makaranta ko gona, sai in kai masa koko in zauna in danna. A cikin faya-fayansa akwai wani da aka ciro daga littafin zane na Turawa, labarin mutanen da aka haifa da wata baiwa a cikin jini. Wanda ake wasa da shi gajere ne mai saje, wuƙaƙe suna fitowa daga bayan hannunsa, ba ya sallama, ba ya tambaya, sara kawai. In an sare shi kuma, naman sai ya haɗe a kan idonka. Yaya ba shi da haƙuri, faɗawa yake cikin taron maƙiya a kashe shi. Ni kuwa matsoraciya ce ko a gem. Da na ga jini sai in ja mutumina lungu in jira ya warke. Da wannan tsoron na fi Yaya nisa.

Sai aka yi haihuwa a gidan Kawu a Gwaram, ƙanin Inna. Yaya ya ce zai kai talabijin da gem don baƙi su sha kallo. Muka shiga bas, ni da talabijin a cinya, Inna da ƙullin yaji.

Kawu ɗan tauri ne tun yana saurayi. In an buga musu gangi yakan fito yana kirari yana goga wuƙa a ciki, wuƙar ta lanƙwashe, mata su yi guɗa. Amma a gangin da ya wuce wuƙa ta ci shi a damtse har aka yi masa ɗinki, kuma tun daga nan ake cewa maganin gidansu ya ƙare. Mai shayi ma in ya gan shi sai ya ɓoye wuƙar yanka burodi, wai don tausayi.

Da safen suna aka tada injin wuta a tsakar gida. Yaya ya fara, Kawu yana tsaye yana sakace. Aka kashe mutumin. Ya sake, aka sake kashewa. Sai aka aiki Yaya garin Basirka a kan babur ya ɗauko wata gwaggo, ya miƙa mini fad ɗin, abin dannawar nan mai doguwar waya.

Na yi yadda na saba. Aka farke wa mutumina ƙirji, na ja shi lungu, ya haɗe. Kawu ya cire tsinke daga baki.

"'Yar nan, sake in gani."

Na sake. Ya durƙusa ya bi wayar da yatsa tun daga hannuna har bayan talabijin, kamar mai bin sawun akuya.

"A hannun yayanki mutuwa yake yi."

"Kawu, shi ba ya jira ne."

"Yayanki a Kano aka haife shi, ban ba shi komai ba. Ke kuwa a ɗakin can aka haife ki. Ni na haɗa daurinki da hannuna, kuma ba ɗaci kaɗai na zuba ba."

Na ce masa wasa ne na lantarki, Turawa ne suka zana shi haka. Ya ce duk mai asiri haka yake faɗa, kuma ya ji daɗi da na iya riƙe baki. Ya fita da sauri har ya bar takalmi ɗaya.

Bayan azahar aka kwashi talabijin zuwa ƙofar gida, aka ce Kawu yana kirana. Inna tana kan tukunyar tuwo, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kawunki ne, je ki mana."

A ƙarƙashin darbejiya na tarar da 'yan tauri sun zauna a tabarmi, guraye da layu har gwiwar hannu, ga makaɗinsu. A tsakiya akwai wani tsoho siriri da suke kira Sarki. Aka shimfiɗa mini buhu a gaban talabijin. Na gaishe su, na fara dannawa, don ban san abin da zan yi ba in ba shi ba.

Sun yi kallo irin na masu sana'a. Wani ya ce wuƙaƙen sun yi tsawo, za su hana shi cin tuwo. Wani ya ce rashin kirarin ne bai yi masa ba, mutum ya yi ta sara shiru kamar mai bin bashin gaba. Da aka sare shi ya haɗe, sai makaɗi ya taɓa ganga a hankali.

Sarki ya ce, "Wannan ya sha. Wa ya ba shi?"

Kawu ya nuna ni da haɓa. "Ta waya yake bi. Maganin gidanmu ne, wanda aka ce ya ƙare."

"Baki ne ya faɗa," in ji Sarki. "Ƙarfe bai faɗa ba tukuna."

A nan na ji ƙarar. Kawu ya jawo dutse ya tofa masa yawu yana wasa wuƙa, yana murmushi irin na uban da 'yarsa ta ci jarrabawa. Ya ce in miƙo hannun hagu, ja ɗaya ne, ko kaikayi ba zan ji ba.

Na ce, "Kawu, allura tana shiga ta. A makaranta an yi mana, ta shiga."

"Ta asibiti daban ce, da yardarki take shiga."

"Kunnena ma a huje yake."

"Kafin dauri aka huda."

Na duba hanyar Basirka, babu babur. Na so in ƙwala wa Inna kira, amma ga manya a zaune, an yi mini tarbiyya. Kawu ya kama wuyan hannuna ya naɗe hijabin, yana cewa in ci gaba da dannawa da ɗayan don maganin ya zauna a farke. Na ji sanyin ƙarfen a fatata. Yatsuna suka saki, fad ya faɗi a kan buhu.

Mutumina ya tsaya cak a tsakiyar fili, hannuwa a sake. Maƙiya suka taru a kansa. Har Kawu ya juya yana kallo da wuƙar a kan hannuna. Suka sare shi, suka ƙara, ya durƙusa, ya kife. Talabijin ya yi duhu, wani rubutu ya fito.

Sarki ya cire hula ya mayar. "Ɗage wuƙar nan. Ba a gwada ƙarfe a jikin da magani ya karye."

Kawu ya ɗage. Aka shiga neman abin da ya karya shi. Wani ya ce abincin makarantar kwana ne, wani ya ce ido ne ya yi yawa. Ni dai rubutun nake kallo, don tambaya yake ko za a ci gaba, kuma dannawa ɗaya ce mutumin zai miƙe garau. Sai ga Kawu ya sunkuya zai ɗauki fad ɗin, babban yatsansa yana nufar maɓallin.

Ban san inda muryar ta fito ba. Na ce, "Kawu, kayan mamaci ne."

Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Sarki ya ce yarinya ta fi shi hankali. Aka kashe inji, aka shafa fatiha, wasu har suka yi mini gaisuwa suna cewa in yi haƙuri, jarumi ne. Da Yaya ya dawo da gwaggo a bayan babur, shi ma aka yi masa, ya amsa bai san ta wa ba.

Ban sake taɓa gem ɗin ba, ban kuma sake zuwa Gwaram ba. Amma Kawu bai fid da rai ba. Duk ranar kasuwa wani direban bas yakan tsaya a ƙofar gidanmu ya miƙo gorar tsimi baƙi ƙirin, da saƙon in riƙa sha da safe, in magani ya dawo bayan Sallah za a sake gwadawa. Ina karɓa da hannu biyu in ce a gaishe shi. In direba ya tafi sai in juye a gindin zogalen da ke bayan ɗakinmu.

Shekaranjiya Inna ta je yanko reshen zogalen za ta yi kwaɗo, wuƙa ta ƙi ci. Ta ce dakushewa ta yi. Na roƙe ta, ko da wasa, kada ta faɗa wa direban.