Waɗanda Suka Koma

Tsofaffin unguwar Ogui har yau suna tuna Malam Gimba tela, mutumin Kontagora da ya shekara arba'in a Inugu. Kowace Laraba yakan rufe shago ya tafi gidan yari, inda wata ƙungiya ke zama da masu laifin fyaɗe, tana koya musu gane abin da ke kai su ga ɓarna da yadda za su kame kansu. Shi ne tafintan Hausawan cikinsu, kuma ba ya sassauta magana. In mutum ya ce sharrin Shaiɗan ne, sai ya ce, "Shaiɗan ne ya kulle ƙofar, ko kai?"

Bayan shekara tara ƙungiyar ta so ta san ko aikin yana magani. Ta turo Hanifa, 'yar maƙwabcinsa mahauci, wadda ta gama jami'a, don ta bincika ta rubuta rahoto. Ya miƙa mata littafin da yake rubuta sunayen waɗanda aka sako. Gaban kusan kowane suna ya rubuta: ya koma.

"Kawu, duk waɗannan sun koma ga laifin?"

"Ke, Hausarki ta sha ruwan Inugu. Gida suka koma, Arewa."

Al'adar unguwar ke nan. Wanda ya fito da irin wannan abin kunya, a ɗora shi a tirelar da ta sauke shanu, ya tafi inda ba a san shi ba.

"To can fa, Kawu? Wa ke sa musu ido?"

Malam Gimba ya sake duba sunayen da ke littafin. Can ma akwai 'ya'yan mutane.

Da aka sako wani Lawal, dattawa har sun yi magana da direba. Malam Gimba ya tare su bayan la'asar, ya ce Lawal zai zauna a shagonsa, a gaban idonsa, kuma zaman Laraba ba fashi.

"In ya sake fa, Malam?" in ji liman.

"Nan kowace uwa ta san fuskarsa, Allah gafarta Malam. Can wa ya sani?"

Mata suka daina kawo ɗinki. Ya koma yin kaftani da gyaran wando, bai taɓa ƙorafi ba. Shekara shida suka yi shi da Lawal, keke na fuskantar keke, har Allah ya yi wa tsohon rasuwa.

Da Hanifa ta sake rubuta rahoto, ta ce cikin mutum talatin da ɗaya da ke littafin, ɗaya ne kawai za a iya ba da shaida a kansa, ita ma shaidar ta shekara shida ce.