Irin Cittar Milka

A Fadan Kagoma, in ka gai da Milka da fara'a mai yawa, kana juya baya za ta ƙirga kajinta. Haka Allah ya yi ta. Shekara talatin da 'yan kai tana noman citta, tun tana amarya har mijinta Samson ya rasu ya bar mata gona ɗaya a gindin tudu, kuma ba ta taɓa yarda cewa masifa tana zuwa da ƙafarta ba. Sai dai a aiko ta.

Shekarar da iska ta yaye kwanon ɗakinta ta rataye shi a kan mangwaro, cewa ta yi kafinta ne ya rage ƙusa da gangan, alhali rabin unguwar ba rufi. Da ambaliya ta cinye gadar da ake bi zuwa kasuwar Kafanchan, ta kwashi awaki da masarar mutane, Milka ta miƙe a taron zumuntar matan majami'a ta ce a bincika, wani ne ya toshe rafi daga sama. Mata suka ce, "Kai, Milka! Har ruwan sama?" Ta ce ruwan ma ai nuna masa hanya ake yi.

Abu ɗaya take taƙama da shi, irin cittarta, wanda ta gada a hannun uwar mijinta. Kowace shekara takan bar kashi guda a cikin ƙasa ba ta tona ba sai dab da shuka, yadda manoman wajen suka saba. Ƙasa ce rumbunta. In irin nan ya tafi, noma ya ƙare mata, ga shi ba ta da wata sana'a.

Sai ga shekarar cutar citta. Damina ta yi nauyi, ganye ya soma rawaya yana kwanciya kamar an watsa masa ruwan zafi, in an tona sai ruɓa. Gona bayan gona, magidanta na kuka da hawaye.

Azariya, ƙanin mijinta, wanda gonarsa ke kan tudu, ya same ta tana cire ciyawa, ya kira ta da sunan 'yarta kamar yadda ya saba.

"Mama Serah, cutan nan yana bin ruwa, kuma gonanki a ƙasa ne. Tona wanda bai kama ba, mu kai wajena a ajiye a inuwa."

Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa. "Ashe! Yau dai ka faɗa da bakinka. Tun yayanka na da rai kake sa ido a irin nan. Naka me ya hana shi mutuwa?"

"Nawa ma ya ci rabi."

"To je ka ji da rabinka."

Daga ranar ta kafa 'yar bukka a bakin gona, ta zauna da sanda daga safe har yamma. Malamin gona ya zo a kan mashin zai duba, ta kore shi tun bai kashe inji ba. Allah Sarki, tana gadin hanya, ɓarnar kuwa tana ƙarƙashin ƙafarta.

Da ruwa ya ɗauke ta sa fartanya. Hannunta ya fito da wani abu mai yauƙi da wari. Ta tona kunya ta biyu, ta uku, har ƙarshen gona, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsira ba. Nan ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai, don ta san abin da ta rasa.

Da shuka ta matso, Azariya ya shigo gidanta da daro a ka, ya sauke a gabanta. "Abin da ya rage mini ne na raba biyu. Gobe zan zo mu yi kunya."

Ko sannu ba ta ce ba. Yana fita ta kama haɓa. Wa ke kyautar iri a bana? Ruɓaɓɓe ne ya kawo, ya je majami'a ya ce ya taimaki gwauruwa, in bai tsiro ba a ce ita ce ba ta iya noma ba. Ta ɗauko wuƙa ta tsaga na farko. Cikinsa tas, ƙamshi har hanci. "Na sama ne," in ji ta, "ai ba wawa ba ne." Ta tsaga na biyu, ta bi shi da yanka ko cutar na laɓe a gefe. Hannu ya saba da yankan da ake wa citta don shanya, sai tafiya yake, sala-sala, ba ta ma kula da idon da ke tsirowa ba. Ba ta farga ba sai da wuƙa ta taɓa gindin daro.

Washegari Azariya ya iso da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya yana kallon tarin yankakkiyar citta, wadda ba guda ɗaya da za ta ƙara tsirowa.

Milka ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, Azariya. Duka."

 Azariya ya jingine fartanyar da bango, ya kwashe cittar a daron, ya kai kan dutse ya fara shanya mata, ko ta samu na sayarwa.