Na Koma Tuƙin Jirgi Da Ido Ɗaya

A lokacin da wannan abu ya faru ni malamin gona ne a ƙasar Makarfi, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma duk inda na shiga, daga ofis har coci, Kyaftin ake kirana. Edita, ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin wasu daga cikin waɗanda na cuta suna raye. An haife ni a wani ɗan ƙauye kusa da Saulawa, a gidan manoma Kiristoci, kuma ni ne na farko a zuriyarmu da ya wuce firamare. Ina saurayi, ƙasa tana cikin wadata, na shiga wata ƙungiya ta masu koyon tuƙin ƙananan jiragen sama a Zariya, irin masu kujera biyu da farfela ɗaya a hanci. Ba aikin jirgi nake nema ba, lasisin tuƙi na ƙashin kai kawai nake so. Na yi nisa har malamina ya fara sauka ya bar ni in zaga fili ni kaɗai. Saura kaɗan in gama sai mahaifina ya rasu, ƙanne suka dawo wuyana, aka kuma tura ni aiki ƙauye. Na ce wa kaina wata shida zan yi in koma. Sai da na yi shekara tara.

A cikin shekarun nan sunan Kyaftin ya juye. Da farko girmamawa ce, daga baya ya zama abin zolaya. In babur ɗina ya ƙi tashi a bakin ofis sai wani ya ce a matsa, jirgi zai ɗaga. Ina dariya tare da su, amma abin yana ci na. Ga shi soja sun karɓi mulki, an shiga zamanin tsuke bakin aljihu, ana layi a kan sabulu da madara, kullum ana raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Komai na rayuwata ya ƙanƙance. A irin wannan hali ne na haɗu da tsohon malamina a layin mai a Zariya. Kansa ya yi fari fat, amma nan take ya gane ni, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya gaya mini jirgi ɗaya ya rage musu, sauran an kwance su ana ciyar da shi da kayansu, domin kayan gyara sun daina shigowa. Ya ce in ina da niyyar gamawa in zo yanzu, kafin shi ma wannan ɗin ya kwanta. Ya ce a duk ɗaliban da ya koyar ni ne wanda rashin gamawarsa ya fi yi masa ciwo.

Akwai abin da bai sani ba. Shekara biyu kafin haɗuwarmu, ina nuna wa manoma yadda ake feshi, tiyon famfo ya fashe maganin ƙwari ya watsu mini a idon dama. An wanke, an ɗiga magani, jan ya tafi, ido ya koma kamar lafiyayye ga mai kallo. Amma ni na san abin da ke gefen damana sai dai inuwa-inuwa, kamar ana leƙe ta cikin gilashin da aka shafa wa man shanu. Matata ce kaɗai ta sani. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar kudancin Kaduna, mace mai faɗin gaskiya ko ba daɗi. Da na gaya mata zan koma, ta zaunar da ni ta ce ba ta hana ni burina ba, amma in fara zuwa wurin likitan ido, in kuma gaya wa malamin komai, shi ya yanke hukunci. Na yi fushi, na ce ita ma ta shiga sahun masu yi mini dariya. Na sa ta yi mini alkawari ba za ta gaya wa kowa ba. Ta yi, tana kuka. Ranar gwajin lafiya, likita ya ce in rufe idon hagu da tafin hannu in karanta baƙaƙen da ke bango. Na rufe, amma na bar 'yar kafa tsakanin yatsuna. Ya sa hannu a takarda, har yana yi mini fatan alheri.

Komawar ba ta zo da sauƙi ba. Hannun da nake tsammanin ya riƙe komai ashe ya manta. Maganar rediyo ta kuɓuce mini, ƙa'idoji sun canza, ɗaliban da na tarar duk ƙannena ne na bayan baya. Ranar Asabar kaɗai nake samun zuwa, wani lokacin in sha hanya a ce babu man jirgi. Duk da haka sannu a hankali tashi ya dawo, juyi ya dawo. Sauka ce ta ƙi. Mai ido ɗaya ba ya iya auna tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa daidai, sai in ɗago hancin jirgi tun muna sama mu faɗo da ƙarfi, ko in makara har malam ya fizge sitiyari. Shi kuwa ya ɗauka tsatsar shekara tara ce. Ya ƙara haƙuri, ya ƙara mini lokaci. Na koyi dabara, na haddace wata bishiya da wani fentin da ke gefen hagun titin saukar, da su nake gane lokacin ɗago hanci. Saukata ta gyaru a wannan fili kaɗai.

Wata rana bayan mun sauka ya kashe inji bai buɗe ƙofa ba. Ya ce ya lura ina juya kai gaba ɗaya in zan duba dama, ba haka ya san ni ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, akwai abin da ya kamata in sani? In akwai, faɗa mini a nan, daga ni sai kai." Wallahi maganar ta zo har bakina. Amma na tuna mutanen ofis, na tuna yadda za a ce Kyaftin ya sake dawowa hannu rabbana. Na ce, "Babu komai, Malam, wuya ne ke ɗan yi mini ciwo." Ya ce ya yarda da ni, domin bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

A farkon damina ya sa hannu in yi tafiyar da ake yi kai kaɗai kafin jarrabawar ƙarshe. Ya zana mini hanya a taswira, in bi titin Kano zuwa wani gari in juyo. Ya gargaɗe ni man da aka zuba na wannan hanya ne da ɗan rara, kada in kauce, kuma in na ga hadari a gabas in dawo nan take. Na amsa da to. Amma tun mako guda kafin nan na riga na aika gida cewa ranar Asabar da hantsi su fito su dubi sama. Da na yi nisa da fili sai na karkata gabas. Na wuce Ikara, na gane ƙauyenmu da rufin kwanon cocinmu. Na sauko ƙasa-ƙasa na zaga sau uku. Na ga mutane sun fito daga gidaje suna ɗaga hannu, mata suna kaɗa mayafi. Ba zan ɓoye ba, a ɗan wannan lokaci na ji daɗin da ban taɓa ji ba, kuma shi ne na ƙarshe.

Da na ɗago na daidaita jirgi sai na ga gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Hadarin ya daɗe yana tasowa ta ɓangaren damana ina zagaye ban kula ba. Na juya yamma ina gudu, iska tana jifa da ni sama da ƙasa. Gari ya rufe, hasken ya ragu, idon nawa mai kyau ya fara ruwa saboda tsananin zura shi. Na buɗe taswira a cinya na kasa karanta ƙananan rubutun. Na kira a rediyo, sai ƙara kawai, da muryar malam tana yankewa yana tambayar inda nake, ni kuwa ban sani ba. Ƙauyuka duk sun zama iri ɗaya. Allurar mai ta kwanta. Ban san tsawon lokacin da na yi ina yawo ba kafin inji ya fara tari. Na hango wata doguwar gona a gefen fadamar rake, na ce nan zan sauka. Babu bishiyar da na haddace, babu fenti. Na duba hagu, fili ne. Dama kuwa na ga wata inuwa na ɗauka kututture ne. Na ji fiffike ya daki wani abu, jirgi ya wulwula ya kife cikin rake.

Mutanen da suka jawo ni waje manoman wajen Taba ne a ƙasar Kudan, Musulmi, suna ta salati suna yi mini sannu. Goshina ne kawai ya fashe. Sai da na miƙe na ga an taru a wani wuri daban, ga shanun noma biyu sun tsinke suna gudu da garma. Inuwar nan mutum ne, dattijo mai gonar, yana sauri ya ƙarasa huɗa kafin ruwa ya sauko. Ƙafarsa ta dama ta dagargaje daga gwiwa. A kan amalanke aka kai shi bakin titi cikin ruwan sama, ina biye a ƙasa, babu wanda ya zage ni, babu wanda ya ɗaga mini hannu. A asibiti aka yanke ƙafar.

Kafin yamma soja suka zo suka tafi da ni. Lokaci ne da ake ta jita-jitar juyin mulki, kuma an ga jirgi yana zagaye ƙasa-ƙasa a inda ba a ba shi izini ba. Kwana goma sha ɗaya ana tambayata wa ya aiko ni, me nake leƙe. Da suka tabbatar wauta ce kawai suka miƙa ni ga masu binciken haɗarin jirgi, su kuma suka sake gwada idona, wannan karon da abin rufewa na ƙarfe. Malamina yana zaune a ɗakin lokacin da likita ya faɗi sakamako. Bai dube ni ba. Ya gaya wa masu binciken shi ya sa hannu, shi ya ga alama ya kau da kai, laifin nasa ne. Aka karɓe lasisinsa na koyarwa bayan shekarun da suka fi nawa na aiki yawa. Ƙungiyar ta rufe, tunda jirginta na ƙarshe yana kife a cikin rake, yaran da ke dab da gamawa suka watse. Na je gidansa neman gafara sau biyu. Ya karɓe ni, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce abu ɗaya ne ke damunsa, ya tambaye ni daga shi sai ni. Ni kuwa na yi masa ƙarya. Bai cika shekara biyu ba ya rasu.

Ni ma da aka tashi rage ma'aikata sunana ne a sahun farko. Na dawo ƙauye ina noma gonar mahaifina. Matata ba ta bar ni ba, amma ta daina waƙa a ƙungiyar mata ta coci, ta ce ba ta iya tsayawa gaban jama'a alhali ta san shirunta yana cikin abin da ya yanke ƙafar bawan Allah. Na sha gaya mata ni na tilasta ta, ba ta taɓa yarda ba.

Sai da na yi wata huɗu kafin na iya zuwa gaban dattijon. Na same shi a zaure kan buzu, sanduna biyu a jingine. Na durƙusa na gaida shi, ya tambayi iyali, ya tambayi goshin, ya tambayi damina a wajenmu. Na faɗa masa gaskiya duka, har yatsun da na buɗe a gaban likita. Yana jan carbi ya ce abin da Allah ya rubuta masa ne, ya yafe duniya da lahira. Da zan tafi sai ya kira ni ya ce, "Bawan Allah, in tambaye ka. Shekara arba'in ina noma gonar nan, ban taɓa ganinta daga sama ba. Yaya take?" Na ce masa ban gan ta da kyau ba, kamar yadda ban gan shi ba. Har yau duk damina ina zuwa in yi masa huɗa, shi kuma yana zaune a gindin bishiya yana nuna mini inda kunya ta karkace. Wannan ba ya mayar da ƙafa, kuma dukkanmu mun sani.

Abin da na gane, bayan lokacin ganewa ya wuce, shi ne wanda ya bar abu shekara da shekaru ba shi ne yake komawa ba. Jiki ya canza, kai ya canza, sha'awar ce kawai take nan yadda aka bar ta, kuma ita ce take yaudara. Ba laifi ba ne mutum ya koma ga burin da ya ajiye, ko tuƙi ne, ko karatu, ko wata sana'a. Amma ya koma a matsayin sabon shiga, ya kuma buɗe wa mai koya masa duk abin da shekaru suka yi masa. Ni na ji tsoron dariyar mutanen ofis, waɗanda yau ko sunayen wasunsu ba na tunawa, na saya wa kaina abin da ba na iya saukewa. In kana ɓoye wata nakasa a aikin da rayukan mutane ke hannunka, direba ne kai ko mai allura ko mai aikin lantarki, ina roƙonka ka faɗa tun yau. In wanda ya amince da kai ya kashe inji ya tambaye ka daga shi sai kai, kada ka ce masa wuya ne.