Ƙwan Zabi a Tanderun Burodi

A shekarar da masaƙa ta rage ma'aikata, mu biyu aka sallama daga layinmu: ni da wani dattijo mutumin kudancin Kaduna, wanda kowa ke kira Baba. Shi ya koya mini ɗaura zare lokacin da na fara aiki. Ƙurar auduga ta riga ta ci masa ƙirji, in tari ya taso masa sai ya dafa bango. Saboda tarin nan, duk inda ya je neman aiki, daga Kakuri har Kudenda, sai a ce ya dawo wani lokaci. Daga ƙarshe wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai gidan burodi a Makera ta ɗauke shi kula da tanderu, don cocinsu ɗaya. Madam ake ce mata. Ta ba shi ɗaki a bayan gidan, shi da matarsa da 'ya'yansa. Aikin da ɗakin a haɗe suke, in ɗaya ya tafi ɗayan ya bi shi.

Ni kuwa na koma sayar da dafaffen ƙwai a ƙofar masaƙar da ta kore ni. Da damina ƙwan zabi ke araha, mutanen ƙauye na kawo shi bakin titi a Gonin Gora. Can nake saro shi, matata ta dafa, in ɗora a tire da gishiri da yaji, in tsaya jiran jiniyar tashi. Waɗanda muka yi aiki tare wasu su saya, wasu su kau da kai kamar ba su gan ni ba.

Daminar nan kananzir ya yi wuya, risho ya koma ƙarƙashin gado. Itacen da ake samu jiƙaƙƙe ne, hayaƙi yake yi ba wuta ba. Matata ta yi ta hura murhu har idonta ya yi ja, tukunya ta ƙi tafasa. Wata rana na biya wajen Baba na miƙa masa ƙwai ɗaya. Ya fasa, gwaiduwar ta zubo masa a hannu.

"Malam, wannan dafa shi aka yi, ko alwala aka yi masa?"

Na gaya masa halin da ake ciki. Ya lashe yatsunsa, ya dubi tanderun. Babba ne, na bulo da laka, mutum zai iya shiga ya kwanta. In an kwashe burodin safe akan bar shi ya huta kafin na yamma ya tashi, kuma zafin yana nan a jikin bulo.

"Zafin nan a banza yake tafiya," in ji shi. "Ka kawo gobe in Madam ta tafi kasuwa. Amma bakinka."

Haka muka fara. Mu jera ƙwan a tsofaffin gwangwanayen burodi, ya tura su da doguwar shebur ta katako, ya rufe ƙofar ƙarfe. In ya ga sun yi, ya jawo, mu juye su a bokitin ruwan sama don su yi daɗin ɓarewa. Ɓawon yakan yi ɗigo-ɗigo, farin ya ɗan yi ja a gefen da ya taɓa ƙarfe, gwaiduwar ta yi laushi. Masu saye suka fara tambayar mai ƙwan nan mai ƙamshi. Baba bai taɓa karɓar komai ba sai wanda ya tsage, shi yake kai wa yara.

Akwai abin da tukunya ke yi wanda ban taɓa lura ba. In matata ta zuba ƙwai a ruwa, ruɓaɓɓen yakan taso sama, ta tsame shi ta jefar, ba ta ma faɗa mini. Ƙwan zabi a daji ake tsinto shi, wani ya daɗe a ciyawa ruwa na dukansa. Da muka koma tanderu, daga kwando sai gwangwani, ba inda ƙwan ke haɗuwa da ruwa sai bayan ya nuna.

Ranar wata Juma'a ce. Madam ta karɓi aikin burodin wani biki da za a yi a cocinsu washegari, kwaɓin na kumbura a gwangwanaye an lulluɓe da buhu. Na zo da ƙwai fiye da kullum, na samu wani mai araha a ƙarshen kasuwa. Baba ya dubi ƙwan, ya dubi kwaɓin, ya ce:

"Yau da ka haƙura."

"Baba, na riga na saro. In ya kwana ba abin da zan kai gida."

Ya tura su. Muna zaune a kan buhunan fulawa muka ji fas, sai wani, sai wani. Da ya buɗe ƙofar, warin ya buge mu har na ja da baya ina toshe hanci. Baba ya durƙusa yana tari. Ruɓaɓɓun sun fashe, sun fantsama a bango da rufi, bulo mai zafi ya shanye. Muka ɗaura tsumma a sanda muka goge iya inda hannu ya kai. Ya ƙara wuta ko warin zai ƙone. Kwaɓi kuma ba ya jira, ya cika gwangwani yana neman zubowa, dole Baba ya saka shi a tanderun.

Da Madam ta dawo, tun daga ƙofa ta tsaya. Ta ɗauki burodi ɗaya ta tsaga, ta kai hanci, ta ajiye. Ta ɗauki wani daga can ƙarshe, shi ma haka.

"Baba, me ya shiga tanderuna?"

"Ƙwai ne, Madam. Na sa 'yan kaɗan yau, ban san da marar kyau ba. Ki yi haƙuri."

Ta yi ta faɗa da Hausa da Turancin kasuwa, tana cewa da wane ido za ta dubi mutanen coci. Amma na ga faɗan yana sauka. Har ta fara maganar za ta cire fulawar daga albashinsa, a nemi wani gidan burodi a gasa na bikin. Baba yana ta cewa to, to.

Ni ina gefe, ina jin nauyin a ce dattijo na shan faɗa a kan kayana. Na matso don in wanke shi.

"Madam, wallahi ƙwan nawa ne, ba laifinsa. Kuma Baba ya iya abin nan sarai. Tun farkon damina muke yi kullum, ba a taɓa samun matsala ba sai yau."

Baba ya rufe ido.

"Tun yaushe?" ta tambaya, muryarta a ƙasa.

Ta dubi gwangwanayen da ke bakin bokiti, ta dubi Baba.

"Kullum in na fita," in ji ta. "Ni da na ba ka ɗaki."

Ba ta ƙara faɗa ba. Ta ce ya ba ta makullin tanderu, ya bar ɗakin kafin Lahadi ta sama. Na roƙe ta, matarsa ta fito ta durƙusa, daga baya har wani dattijon cocinsu ya zo. Ta ce asarar burodi za ta iya ɗauka, amma ba za ta bar wutarta a hannun wanda ke jiran ta juya baya ba.

Ranar da za su tashi na je taya su ɗaure kaya. Ba su da yawa: katifa, tukwane, akwatin ƙarfe. Matarsa ba ta amsa gaisuwata ba. Ƙauye za su koma, wajen ƙaninsa, tsakiyar damina, lokacin da shuka ta wuce kuma rumbu ya yi ƙasa. Na ɗauki akwatin har bakin titi inda a-kori-kura ke jira. Na fara ba wa Baba haƙuri, ya ɗaga mini hannu, tari ya hana shi magana. Da ya lafa ya ce, "Malam, ɗora akwatin daga ciki, kar ruwa ya taɓa shi." Na ɗora. Yaran suka hau, aka jawo Baba sama, motar ta tashi.