Ranar da Tsayayye Ya Zauna

Yayana mai aski ne. Shagonsa na da madubi biyu, kujerar aski ɗaya, benci mai cin mutum huɗu in sun matsu, da almakashi bakwai waɗanda uku ne kawai ke da kaifi. Na san haka domin teburina na sayar da caja da rigunan waya yana bakin ƙofarsa, kuma ni ba na iya ganin abu ban ƙirga ba. 'Yan layinmu suna kiransa Tsayayye, don ba wanda ya taɓa ganinsa a zaune. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake jin rediyo. In babu kai a gabansa, sai ya sake share gashin da ya riga ya share.

Yana da wata ƙa'ida da ya gada wurin maigidan da ya koya masa sana'a: mai aski tambaya yake yi, ba ya ba da labarin kansa. "Yaya iyali? Yaya ƙafar nan?" Shi ke nan sai mutum ya juye masa cikinsa. Wannan an sallame shi daga aiki, wancan ɗansa ya ƙi makaranta, wani matarsa na kwance a asibiti. Su tashi sakayau, shi kuma ya tattara duka ya tafi da su gida.

Bana hannunsa ya fara rawa. Da inji ba a ganewa, don inji ma rawa yake yi. Reza ce mai tonon asiri. Ya je asibiti, aka duba jini da zuciya, aka ce lafiya lau, damuwa ce ta yi masa yawa. Ya dawo yana mita. "Damuwa kuma? Me na rasa?" Amma daga ranar ya cusa kwalin reza ƙasan tebur, duk wanda ya tambaya sai ya ce ta ƙare.

Mutum ɗaya ne wannan dabara ba za ta ci ba: Baba Direba, tsohon matuƙin babbar mota, wanda Yaya ke yi wa gyaran fuska tun yana koyon aiki, kuma inji bai taɓa hawa haɓarsa ba. Ya tafi ganin 'yarsa, ya aiko cewa ƙarshen wata zai dawo. Yaya ya ce mini, ranar da ya yanki wuyan tsohon nan, ranar zai rufe shago ya miƙa mini makulli.

Ban tsaya wata-wata ba. Na nemo masu ba da shawara kan damuwa ta waya, irin waɗanda ake ganin juna ta bidiyo, na jera biyar na auna, na zaɓi wata mata. Na kama masa lokacin rana tsaka, sa'ad da layi ke mutuwa.

"Auta, ke dai ba kya zama lafiya," in ji shi.

"Wa na gado?" na ce.

Ranar farko ya jingina wayar da madubi, ya bar ƙofa a buɗe, ya ɗauki tsintsiya.

"Malama, yaya aiki? Wannan tarin da na ji fa, kin sha magani kuwa?"

Duk tambayar da ta jefo, sai ya mayar mata da biyu. Har lokaci ya ƙare, shi ya san tana fama da mura, ita kuwa ba ta san komai ba. Mako na gaba ma haka: ya wanke matajai, ya goge madubi, ya tambayi lafiyar mahaifiyarta. Ƙarshen wata kuwa na matsowa.

A na uku ta katse shi. "Maigida, ni rigarka kawai nake gani tana kai da komo. Rufe ƙofa, ka zauna."

"A ina?"

"Kujerar da ke gaban madubin nan."

"Ai ta masu zuwa aski ce."

"To yau kai ne ka zo aski, ni ke riƙe da almakashi. Ni zan yi tambaya."

Ya leƙo ya ga ina kallo, ya turo ƙofa. Sauran labarin daga bakinsa na ji shi. Ya ce da ya zauna, ƙafarsa ta kama bugun ƙasa, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Ta sa shi ya ɗora su kan hannun kujera, ya ja numfashi ta hanci ya sake shi a hankali. Sannan ta ce, "Yaya kai?" Ya buɗe baki zai ce lafiya lau, sai ya haɗa ido da kansa a madubi, maganar ta ƙi fita. Abin da ya fito shi ne mutumin da aka sallama, da mai mata a asibiti, da tsohon da zai dawo. Ta ce masa labarin mutane kamar gashinsu ne: a share, kada a tafi da shi gida. Ta kuma ce rawar hannu na ƙaruwa ne in ana ɓoye ta.

Baba Direba ya dawo da safe, ya faɗa kujera, ya ɗaga haɓa. Yaya ya shafa kumfa, ya zaro reza. Daga inda nake ina ganin bakinta na kaɗawa. Ya kai ta kusa da wuya, ya janye. Ya gyara mayafi, ya ƙara kumfar da ba a buƙata.

Sai ya karya ƙa'idar maigidansa. "Baba, hannuna rawa yake yi. Ya daɗe."

Tsohon ya buɗe ido ɗaya. "Shi ne kake ta shafa mini kumfa kamar mai fentin gida? Ni ma nawa ya taɓa yi a kan sitiyari, bayan na ga wani haɗari. Na gangara gefen titi, na zauna har ya lafa. Ba inda za ni, ɗana. Fara ta kumatu, wuya ya jira."

Yaya ya sauke numfashi irin na Malama, ya fara ta kumatu. Bai taɓa aski mai nawa irin wannan ba. Mutum uku suka leƙo suka wuce. Hannun bai daina rawa gaba ɗaya ba, amma ya gama babu ɗigon jini.

Makullin na nan a aljihunsa. Har yanzu yana share inda ya share, amma rana tsaka yakan rufe ƙofa ya hau kujerar, ko da Malama ko babu ita. Jiya wani ya ƙwanƙwasa, Yaya ya amsa daga ciki.

"Dakata, akwai mutum a kai."