Waken da Na Shanya a Kan Injin Sanyi

Da mutum na iya komawa baya ya goge abu ɗaya, da na goge wata amsa da na ba wani bawan Allah a gaban maigidana. Gajeriya ce ƙwarai, amma ita ta raba shi da aikinsa.

Shekarun baya ni ke kula da wani bene a Kankia. Shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, ga zauren taro ta baya. Karatuna bai wuce firamare ba, aikina makulli ne da shara da sa ido. Da rashin wuta ya ishi Alhaji mai ginin, sai ya sayo wata na'urar sanyaya ɗaki wadda ba lantarki ke juya ta ba. Inji ne a cikinta kamar na mota, yana shan gas daga wani tanki da aka girke bayan gini. Da bazara ta kwashe zafin ɗakuna ta watsar waje, lokacin sanyi kuma ta juya ta ɗumama su. 'Yar wutar da fankokinta ke ci, sola ke ɗauka.

Wanda ya haɗa ta, kuma yake duba ta, wani mutumin kudu ne, Kirista, da ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa. Injiniya muke ce masa, shi kuma ya ce mini Baba. Ranar da ya gama aiki ya ja ni bayan gini, ya nuna mini akwatin injin. Ya fi ni tsayi, da manyan fankoki biyu a samansa.

"Baba, abin nan numfashi yake kamar ni da kai. Ta gefe yake shaƙa, ta sama yake fitarwa. Kada a ɗora masa komai, ko da hularka ce."

Na ce, "Hular tawa guda ce, Injiniya, ba ni ba inji ita."

A shekara ta biyu ruwa ya ƙi ɗaukewa da wuri. Na roro wake a gonata ta ƙauyen Boko da danshinsa, kullum hadari, har ya fara baƙi-baƙi. Wata rana ina shara sai na ji iskar da ke fita saman akwatin nan, zafi kamar bakin tanda. Nan take dabara ta zo mini. Na kafa sanduna huɗu, na yi 'yar rumfa kamu ɗaya sama da fankokin, na shimfiɗa buhuna, na baza wake. Kafin la'asar ya bushe ƙayau. Ranar har tafiyata sai da ta canza, ina ganin ni ma injiniya ne, gano ni ne ba a yi ba. Na yi wa wani abokina na Bauranya fankama, washegari sai ga shi da nasa waken a kan babur.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, zafin in ya bugi buhu ƙasa yake dawowa, injin ya sake shaƙar abin da ya fitar. Rana ta uku, da azahar, ana tsakiyar taro a zaure, ya kashe kansa. Mutane suka fito suna fifita da takardu. Alhaji ya kira Injiniya a waya, ni kuwa kafin ya iso na kwashe wake, na tuge sanduna, na share wurin fes. Ya duba mai, ya duba ruwa, ya duba gas, ya kunna. Inji ya tashi lafiya lau.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce ai wataƙila ba wakena ba ne, ga kuma na abokina bai bushe ba. Haka muka yi ta yi kusan mako biyu: in shanya, inji ya mutu, in kwashe, Injiniya ya zo ya rasa ciwon. Abokan Alhaji suka fara zuga shi, wai masu gyara haka suke, da gangan suke barin ciwo a jikin inji don a yi ta nemansu.

Zuwansa na ƙarshe Alhaji da kansa ya sauko ya tsaya a kansa. Injiniya ya durƙusa yana leƙa ragar gefen akwatin, ya sa yatsu biyu ya zaro wani abu. Ɓawon wake ne. Ina gani ya dunƙule shi a hannu, ya miƙe ya dube ni.

"Baba, don Allah, akwai abin da ake ɗorawa a saman nan in ba na nan?"

Na ce, "Ni dai ban ga komai ba sai tsuntsaye."

Alhaji ya ce, "To ka ji. Mutumin nan shekara nawa yana riƙe mini makulli, ko allura bai taɓa ɓatar mini ba. Kai ne dai aikin ya fi ƙarfinka. Kwashe kayanka."

Injiniya ya sa ɓawon a aljihu, ya tattara sifanoninsa, ya yi mana sallama. An ɗauko wani daga Kano. Lokacin wakena ya riga ya shiga buhu, don haka sabon ya ɗaure ƙusa biyu, inji bai ƙara mutuwa ba. Kowa ya ce ashe zargin da aka yi wa Injiniya gaskiya ne. 'Yan kasuwar da ke shirin ba Injiniya irin wannan aiki duk suka janye.

Sai bayan shekara uku na gan shi a Rimaye, yana gyaran famfon burtsatse cikin taɓo. Na so in wuce, sai dai na tsaya. Na gaishe shi, na fara kame-kame. Ya goge hannu ya ce, "Baba, waken ya bushe kuwa?"

Na ce, "Ashe ka sani. To mi ya hana ka nuna wa Alhaji?"

"A garinmu ba a ƙaryata mai furfura a gaban maigidansa, na ga nan ma haka ne. Na ɗauka kafin in kai bakin titi za ka kira ni."

Na roƙi gafara, ya ce ya yafe, ya koma kan famfonsa. Da na dawo na faɗa wa Alhaji komai. Ya karɓi makullinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Ya aika wa Injiniya ya dawo, shi kuwa ya yi godiya ya ce ya saba da inda yake.

Yanzu in na tuna, ba shanyar ke damuna ba, wannan rashin sani ne. Abin da ke damuna shi ne an yarda da ni saboda shekaruna, shi ma ya rufa mini asiri saboda su, ni kuma na fake da su na bar shi ya tafi. Ku da ke karanta wannan, ina roƙonku: in mai gyara ya tambaye ku abin da kuka yi wa inji, ku faɗa masa tun yana durƙushe a gabansa, kada ku bari sai ya kai bakin titi.